Yadda ake kashe wutar jita-jita a kan kamfani cikin awa 24 na farko

A ɗauka kai ne jami'in hulɗa da jama'a na wani kamfanin ruwan leda a Gombe. Bayan sallar isha'i wani direban kamfanin ya turo maka saƙon murya na minti biyu da ke yawo a WhatsApp: wata mata na kuka, tana cewa yara uku a Pantami sun kwanta amai da gudawa bayan sun sha ruwanku, kowa ya guji ruwan. A saman saƙon akwai alamar kibiya biyu, wadda ke nuna an tura shi hannu da hannu sau da yawa. Abin da za ka yi daga wannan lokaci zuwa isha'in gobe shi zai nuna ko kamfanin zai fita da mutuncinsa. Matakan da ke ƙasa sun shafi asibiti, makaranta, banki ko ma'aikatar gwamnati. An ɗauki misalin ruwa ne don kowa ya san harkar.

Abin da ya kamata a ce yana aljihunka tun kafin ranar

Ba a fafe gora ranar tafiya. Abu huɗu ne, kuma duk ba sa cin kuɗi.

Na farko, takarda ɗaya mai lambobin waya: maigidan kamfani, manajan da ke kula da injuna, lauya, mai unguwar da masana'antar take, limamin masallacin Juma'a mafi kusa da shugaban cocin unguwar, ofishin NAFDAC (hukumar kula da ingancin abinci da magunguna) na jiha, da editocin labarai na gidajen rediyo irin su na Gombe Media Corporation, Jewel FM, Progress FM da Amana FM, tare da wakilan kamfanin dillancin labarai na NAN da jaridar Aminiya da sassan Hausa na BBC da DW da RFI. Lambar edita ake so, ba ta sashen talla ba. A sabunta takardar duk wata uku, domin 'yan jarida na yawan sauya wurin aiki. A buga ta a takarda ta gaske, kada ta zauna a cikin waya kaɗai. Caji na ƙarewa.

Na biyu, a san wanda zai yi magana da yawun kamfani, mutum ɗaya da mataimaki ɗaya, a rubuce, da sa hannun maigida. Na uku, yarjejeniya da maigida cewa kana da damar kiransa ko ƙarfe biyun dare ne, kuma ba zai ɓoye maka gaskiya ba. Jami'in da sai ya bi ta hannun mutum uku kafin ya ga oga, ba zai iya wannan aiki ba komai ƙwarewarsa. Na huɗu, hoton takardar rajistar NAFDAC da sakamakon gwajin ruwa na baya-bayan nan, a ajiye inda hannu zai kai cikin minti biyar.

Awa ta farko: ji, adana, bincika

Saurari saƙon sau uku, ka rubuta shi kalma da kalma. Daga nan ka ware abin da za a iya tabbatarwa: wace unguwa, yara nawa, yaushe, wane asibiti aka kai su, ko an ambaci shagon da aka sayi ruwan. Yawanci za ka tarar da rabin waɗannan babu su a cikin saƙon, kuma rashinsu ma bayani ne. Ka adana saƙon, ka ɗauki hoton allon waya mai nuna lokaci da sunan guruf ɗin da aka gan shi, domin masu yaɗawa kan goge idan magana ta girma.

Sai ka auna girman wutar. Tambayi mutum biyar zuwa goma da ba su san juna ba, a unguwanni dabam-dabam, misali Bolari, Jekadafari, Tudun Wada da Herwagana, ko saƙon ya iso musu. In mutum ɗaya ne cikin goma, ka ci gaba da bincike a nitse, kada ka fitar da sanarwa. Sanarwar ce za ta kai labarin kunnen sauran taran. In ya kai huɗu ko biyar, ko dillalai sun fara kira suna cewa a dakata da kawo kaya, ko ɗan jarida ya bugo, to lokacin shiru ya wuce.

A cikin wannan awar dai, a tayar da manajan injuna. Tambayoyin da za ka yi masa ƙayyadaddu ne: wace lambar rukuni (wato ruwan da aka sarrafa a zubi ɗaya) aka kai wa dillalan Pantami a kwana bakwai da suka wuce, jaka nawa, yaushe aka canza matatun ruwa na ƙarshe, fitilar kashe ƙwayoyin cuta tana aiki ko ta taɓa mutuwa, an wanke tankuna yaushe. Ka nemi ganin littafin da ake rubuta waɗannan da idonka. Abin da ya fi jefa kakaki a rami shi ne "ai komai lafiya lau" daga bakin ma'aikacin da ke tsoron kora. Ka gaya masa a fili cewa ba laifi kake nema ba, kana so ne kada ka faɗa wa duniya abin da gobe za a ƙaryata.

Awa ta biyu: zama da maigida

Nan ne aikin yake da wuya, kuma nan ake gane jami'in da ya san aikinsa. Maigida zai zo a fusace. Kusan kullum abu uku zai nema: a ƙaryata nan take, a ce aikin abokan gasa ne, a sa 'yan sanda su kamo matar. Duk ukun guba ne, kuma wajibinka ne ka faɗa masa haka cikin ladabi, kai da shi, ba a gaban yaransa ba. "Ranka ya daɗe, mu ba wa kanmu zuwa gobe da azahar. In ta tabbata ƙarya ce, hujja za ta fi ƙarfi a lokacin. In kuma akwai matsala a wajenmu, ba mu riga mun ɗaure kanmu da bakinmu ba."

Ƙaryatawa kafin sakamakon gwaji caca ce. Gwajin ƙwayoyin cuta a ruwa yana ɗaukar kwana ɗaya zuwa biyu, don sai an bar su sun tsiro a ɗakin gwaji. Duk wanda ya fito cikin awa biyu ya rantse cewa ruwansa ba shi da komai, masu ilimin abin sun san bai gwada ba. Zargin abokan gasa ba tare da hujja ba kuwa, sabuwar rigima ce aka buɗe, wataƙila har da ƙarar ɓata suna.

Batun kamu ya fi su muni. Sashe na 24 na dokar laifuffukan intanet ta 2015, wadda aka yi wa gyara a 2024, shi ake yawan fakewa da shi a kama masu rubutu a kafafen sada zumunta. Ko da lauya ya ce akwai hanya, ka tambayi maigida yadda labarin zai koma: jiya ana cewa "ruwansu na sa gudawa", gobe za a ce "sun sa an kulle uwar yara marasa lafiya". Na farko gwaji na iya wanke shi. Na biyu babu ɗakin gwajin da zai wanke.

Abin da za ka nema daga zaman nan shi ne yanke shawara a kan aiki, tunda magana ba ta tsayawa sai da abin da za ta jingina da shi: a dakatar da sayar da rukunin da ake zargi, a janyo abin da ya rage a hannun dillalai a musanya musu kyauta, a kai samfuri gwaji a wurin da ba na kamfani ba, a sanar da NAFDAC da sashen lafiya na ƙaramar hukuma kafin su ji a rediyo. Maigida zai lissafa asarar jaka ɗari biyar ko dubu, kowace da leda 20. Ka taya shi lissafa ta wata uku ba ciniki. A 1982 mutum bakwai sun mutu a yankin Chicago ta Amurka bayan wani ya zuba guba a cikin maganin Tylenol. Kamfanin Johnson & Johnson ya janye kwalabe kusan miliyan 31 daga kasuwa duk da cewa ba a masana'antarsa aka sa gubar ba, ya dawo da maganin cikin sabon marufi da ake gane in an buɗe shi, kasuwarsa ta farfaɗo. Har yau da wannan misali ake koyar da ɗalibai.

Kafin gari ya waye: sanarwar riƙon ƙwarya

Wannan gajeriyar magana ce, kalma 80 zuwa 120, wadda ke riƙe fili kafin cikakken bayani. Jerinta: tausayi, abin da aka sani, abin da ake yi, lokacin da za a sake magana, lambar da za a kira. Ga yadda za ta iya kasancewa:

"Mun samu labarin wasu yara da ba su da lafiya a Pantami, ana danganta hakan da ruwanmu. Muna roƙon Allah Ya ba su lafiya, kuma muna neman iyayensu domin mu tsaya musu. Ba mu tabbatar da musabbabin ciwon ba tukuna. Duk da haka mun dakatar da sayar da rukuni mai lamba kaza, mun kai samfuri gwaji, mun kuma sanar da NAFDAC. Duk mai wannan rukuni ya mayar wa dillali a canza masa kyauta. Za mu sake yin bayani gobe da ƙarfe huɗu na yamma. Mai tambaya ya kira lamba kaza."

Lura da abin da babu a ciki. Ba a maimaita kalmomin zargin ba, domin mai sauraro da rabin kunne abin da zai riƙe shi ne sunan kamfani da kalmar "gudawa" a jimla ɗaya. Ba a kira kowa maƙaryaci ko ɗan hassada ba. Ba a cika ta da tarihin kamfani da lambobin yabo ba. Kuma an ɗaure kai da lokaci. In ƙarfe huɗu ta yi sakamako bai fito ba, sai ka fito ka ce bai fito ba, ka sa sabon lokaci. Saɓa wannan alkawari ɗaya ya isa ya rushe sauran.

A rubuta ta da Hausa tun farko, sannan a yi ta Turanci domin jaridu. Sanarwar da aka fara da Turanci aka juya, jin ta ake kamar takardar kotu. Gombe kuma ba harshe ɗaya ba ce: in ruwanku na zuwa Dukku ko Nafada, a samu mai Fulatanci mai kyau ya karanta, in yana zuwa Billiri da Kaltungo, a yi da Tangale, Yamaltu-Deba, a duba Tera. Lauya ya duba ta, amma a ba shi minti 20, ba kwana ba, kuma aikinsa ya hana ka faɗin abin da ba a tabbatar ba, ba ya cire addu'ar samun lafiya don tsoron kada a ce an amsa laifi.

Ta hanyar da cuta ta shigo ake bin ta da magani. Saƙon murya ne ya kawo zargi, to kakaki ya naɗi nasa, kada ya wuce daƙiƙa 60 zuwa 90, ya fara da sallama da sunansa da muƙaminsa, a ɗaki marar ƙarar janareta. Dogon rubutu a shafin Facebook na kamfani ba zai kai ga uwar gidan da ta ji labari a guruf ɗin 'yan uwa ba.

Wa ake fara gaya wa

Jerin yana da muhimmanci, kuma akasari a kife ake yin sa. Kafin 'yan jarida, ma'aikata. Direba da yaron mota da mai gadi su ne za a tare a kasuwa a tambaya, kuma in ba su san komai ba za su ƙirƙiro amsa. A tara su da sassafe, minti goma, a karanta musu sanarwar, a ba su jimla ɗaya: "An dakatar da rukunin, ana gwaji, ga lambar da za a kira." A roƙe su kada su shiga cacar baki a intanet, ko da an zagi kamfani.

Bayan su dillalai, ta waya, ɗaya bayan ɗaya, manya goma na farko daga bakin maigida da kansa. Sannan iyalan yaran, in an gano su. A bi ta hannun mai unguwa, a je mutum biyu ko uku, da mace a ciki tunda gidan aure za a shiga, ba kyamara, ba ɗan jarida, ba mota mai tambarin kamfani. Dubiya aka je. In an biya kuɗin magani, a biya ba tare da sharaɗi ba. Ranar da aka ce "ga wannan, amma ku yi bidiyo ku janye", dubiya ta koma sayen baki, kuma maƙwabta za su ji. Kada a saki sunan yaran, hotonsu ko takardar asibitinsu don kare kai. Dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta ɗauki bayanin lafiya a matsayin mai tsananin sirri, ko babu doka ma rashin mutunci ne.

Dalilin da ya sa mai unguwa da limami suka shigo jerin tun farko, tarihi ya nuna shi. A 2003 jita-jitar cewa allurar rigakafin shan inna na hana haihuwa ta sa aka dakatar da ita a Kano har zuwa tsakiyar 2004, cutar kuma ta sake bazuwa zuwa wasu ƙasashe. Jita-jitar ta samu gindin zama ne a kan tsohon miki, wato gwajin maganin Trovan da Pfizer ya yi a kan yara a Kano lokacin annobar sanƙarau ta 1996. Takardun masana kaɗai ba su kwantar da hankali ba, sai da sarakuna da malamai suka shigo. Darasi biyu ne ga jami'i: ka san tsohon ƙorafin da jama'a ke riƙe da shi a kan kamfaninka, ko na hayaƙin janareta ne ko na motocinku da ke ɓata hanyar unguwa, domin a kansa sabon zargi zai hau, kuma ka san bakin da ake yarda da shi. Mai unguwar da ba a taɓa gaishe shi ba sai ranar masifa, zai karɓe ka, amma ba zai sa bakinsa ba.

Rediyo da 'yan jarida

A nan yankin rediyo ce sarauniya. Ka tura wa editoci sanarwar da saƙon muryar tun kafin labaran safe, ka bi da kira. Duka gidaje a lokaci ɗaya. Wanda aka bari a baya zai ɗauki labarin daga ɓangaren zargi. In ɗan jarida ya kira ba ka shirya ba, ka tambaye shi ƙarfe nawa zai miƙa labarinsa, ka ce za ka kira shi kafin lokacin, ka kuma kira. "Ba ni da ta cewa" da kashe waya fassararsu ɗaya: "duk ƙoƙarin jin ta bakin kamfanin ya ci tura."

Kafin kakaki ya shiga shirin kai-tsaye da masu sauraro ke bugo waya, a zaunar da shi rabin awa, a yi masa tambayoyi goma mafi ɗaci: "Kai za ka ba ɗanka ruwan nan?" "In yaro ya mutu wa zai ɗauki alhaki?" "Gaskiya ne kun taɓa samun gargaɗi?" Saƙonni uku kacal zai riƙe, ya riƙa komawa kansu. In bai san amsa ba ya ce bai sani ba, zai bincika. Kada ya yi kukan asarar kamfani. A 2010, bayan fashewar rijiyar man BP a Tekun Meziko da ta kashe ma'aikata 11, shugaban kamfanin Tony Hayward ya ce shi ma yana so rayuwarsa ta koma daidai. Jimlar nan ta bi shi har ya bar kujerar a shekarar. Magana zarar bunu ce.

Sai batun ambulan ɗin kuɗi da ake miƙa wa 'yan jarida. Sayen fili a rediyo don karanta sanarwa halal ne, a biya a ofis a karɓi rasit, a bayyana cewa saƙo ne daga kamfani. Ba wa ɗan jarida kuɗi don ya danne labari ko ya karkatar da shi abu ne dabam, kuma ba ya ma aiki: ka rufe baki ɗaya, biyar sun ji ana rabo. Haka hayar sojojin baka su zagi matar a Facebook. Cibiyar NIPR ta masu aikin hulɗa da jama'a a Najeriya, wadda aka kafa a 1963 kuma doka mai lamba 16 ta 1990 ta ba ta ikon yi wa masu wannan sana'a rajista, tana da ƙa'idojin aiki da suka hana yaudarar jama'a. Rajista da ita kariya ce gare ka ranar da za ka ce wa maigida "wannan ba zan iya ba".

Taron manema labarai ba dole ba ne a ranar farko. A kira shi ne idan akwai sabon abu a hannu, kamar sakamakon gwaji. In an kira, kada ya wuce minti 30, bayani minti biyar, saura tambayoyi, a guji lokacin salla da yammacin Juma'a. Gani ya kori ji: zagayawa da 'yan jarida cikin masana'anta su ga matatu da tankuna ya fi jawabi, da sharaɗin ka riga ka zagaya kai kaɗai ka ga babu abin kunya.

Idan sakamako ya fito

In ruwan ya fita lafiya, a nuna takardar kanta, da sunan ɗakin gwajin da kwanan wata, a bar jami'in lafiya ko na hukuma ya faɗa da bakinsa in ya yarda. Kada a yi bikin nasara. Yara dai sun yi ciwo, kuma da damina amai da gudawa na iya fitowa daga rijiya, abinci ko randar gida. Kamfanin da ya ce "ba mu ba ne" ya juya baya ya yi asarar dama, wanda ya taimaka aka gano tushen ciwon ya samu abokai. A nemi gidajen da suka ɗauki zargin su ɗauki sakamakon a irin lokacin da suka sa na farko.

In kuwa matsalar daga gare ku take, a faɗa da wuri, a faɗa gaba ɗaya, daga bakin maigida ba kakaki ba. Abu huɗu ne a ciki: ga abin da ya faru, laifinmu ne, ga abin da muka yi wa waɗanda abin ya shafa, ga abin da muka canza da ranar da aka canza shi. "In har mun ɓata wa wani rai" ba ban haƙuri ba ne. Kada a jefa ƙaramin ma'aikaci gaba a ce shi ne. Jama'a sun san ba shi ke sayen matata ba, sauran ma'aikata kuma za su koyi ɓoye matsala. Gaskiyar da ake saki kaɗan-kaɗan ta fi kowacce illa, domin kowane sabon ɓangare sabon kanun labari ne.

Ga jami'an ma'aikatun gwamnati akwai ƙari: dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba hukuma kwana 7 ta amsa buƙatar bayani a rubuce. Abin da ka ɓoye a taron manema labarai ana iya neman sa ta wannan hanya.

Mako biyu bayan nan, a ci gaba da sa ido sau biyu a rana, safe da dare, domin tsohon saƙon murya kan dawo bayan wata da watanni kamar sabo; a ajiye amsarku mai ɗauke da kwanan wata a shirye don turawa. A riƙe littafi: kira nawa aka samu a lambar ƙorafi kowace rana, jaka nawa aka mayar, dillalai nawa suka dawo da oda. A cikin kwana bakwai a zauna da duk wanda ya taɓa aikin, awa ɗaya, a rubuta shafi ɗaya: ƙarfe nawa aka fara jin labari, ƙarfe nawa aka yi magana, wace lamba ce ba ta shiga ba, wa ya yi magana ba da izini ba. A gyara takardar lambobin waya a ranar, a kuma koma gidan mai unguwa da na iyayen yaran a yi godiya da sake dubiya.